Ta yaya ake sanin abin da ke ƙarƙashin tsoffin tsibirai masu aman wuta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin ilimin duwatsu ne. A wani darasi an nuna mana zanen ɓawon ƙasa na wani jerin tsibirai masu aman wuta da suka mutu tun miliyoyin shekaru, an jera duwatsun hawa-hawa daga sama har zurfin kilomita 50. To amma an gaya mana cewa rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa bai wuce kilomita 12 da ɗoriya ba. Wa ya ga wancan zurfin? Yaya aka yi aka san abin da ke can, kuma har ina za a yarda da irin wannan zane?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa: ta yaya aka sani, da kuma har ina za a yarda. Ta biyun ta fi nauyi, kuma na ji daɗi da ka yi ta tun kana ɗalibi. Game da rami kana da gaskiya. Wanda aka haƙa a yankin Kola na Rasha ya tsaya a mita 12,262 a shekarar 1989, a cikin ɓawon teku kuwa ramukan bincike da ƙyar ake kai su kilomita 2. Babu wanda ya sauka can. Duwatsun ne suka hauro mana, a 'yan wurare ƙalilan a duniya, aikinmu kuma shi ne mu ɗauki kowane dutse mu gano zurfin da ya daskare, da lokacin da ya daskare, da irin narkakken dutsen da ya haife shi. Zanen da aka nuna muku daga amsoshin nan aka ɗinka shi.

Abin da ake ƙoƙarin sake ginawa

Fatar duniya a rarrabe take zuwa manyan faranti masu motsi. Idan farantin teku ya kutsa ƙarƙashin wani farantin teku, yakan tafi da ruwa a cikin ma'adinansa. Da ya kai zurfin wajen kilomita 100 sai zafi da matsi su tatse ruwan, ruwan ya haura cikin mantil (dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa) mai zafi da ke samansa, ya rage masa zafin da yake bukata kafin ya narke. Narkakken dutsen da ya fito ya taso, wani ya fashe a sama ya gina tsibirai a jere, a lanƙwashe kamar yadda ake gani a taswirar Mariana da Tonga da Aleutian. Wannan jeri shi nake kira bakan tsibirai. Abin da ya fito fili kaɗan ne. Mafi yawan narkakken dutsen a hanya yake maƙalewa ya daskare, shi ne yake kaurara ɓawon daga kilomita 6 ko 7 na ɓawon teku zuwa 20, 30, wani lokaci har 50.

Dalilin da ya sa aka damu da cikinsa shi ne asalin nahiyoyi. Ɓawon nahiya, idan aka haɗa shi gaba ɗaya aka auna, silikarsa, wato sinadarin da ya fi yawa a yashi, ta kai kashi 60 cikin 100. Abin da mantil ke bayarwa idan ya narke kuwa basalt ne, baƙin dutsen aman wuta, mai silika wajen kashi 50. Sinadaran nahiya suna ɗauke da tambarin bakan tsibirai, musamman ƙarancin niyobiyom da tantalom, wanda ya nuna a irin waɗannan wurare aka dafa mafi yawanta. To ina ragowar ta tafi, wato ɓangaren mai yawan ƙarfe da magniziyom da dole a cire kafin 50 ta koma 60? Amsar tana can ƙasa.

Inda ƙasa ta kwantar mana da su

Bakan tsibirai ba ya nutsewa cikin sauƙi saboda kaurinsa. Idan teku ta rufe sai ya daki nahiya, ya manne mata. Galibi a wannan karo yakan ragargaje. Amma a wasu wurare sai ya karkata ya kwanta a gefensa kamar itacen da guguwa ta tumɓuke, saiwarsa a waje, har mutum ya iya bin sa da ƙafa daga tushe zuwa kai. Wurare biyu ne suka fi kowane cika.

Na farko Kohistan ne a arewacin Pakistan, wanda ya matse tsakanin Indiya da Asiya. Masanin ƙasar R.A.K. Tahirkheli da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a matsayin tsohon bakan tsibirai a 1979. Kogin Indus ya yanka shi, babbar hanyar Karakoram kuma ta bi kogin, saboda haka mai tafiya arewa daga Jijal yana hawa ne daga gindin ɓawo zuwa samansa. A Jijal akwai duwatsu masu nauyi na ma'adinan olibin da fairoksin, a kansu gabro (narkakken basalt da ya daskare a can ƙasa) cike da jan ma'adinin ganet. Gaba kaɗan sai baƙaƙen duwatsun Kamila masu honbilend, sai babban tarin gabro na Chilas, sai giranit da danginsa a wajen Gilgit, a ƙarshe duwatsun aman wuta na Chalt da laka da farar ƙasa ta teku a Yasin. Na biyu Talkeetna ne a kudancin Alaska, na zamanin Jurasik. Gindinsa yana Tonsina, inda Susan DeBari da Robert Coleman suka bayyana shi a 1989: mantil a ƙasa, siririn fairoksinait (dutsen da kusan fairoksin ne zalla), gabro mai ganet, sai gabro mai yawa, can sama kuma duwatsun aman wuta masu kaurin wajen kilomita 7.

Kafin a yi maganar zurfi sai an tabbatar cewa a tsakiyar teku abin ya tashi, domin bakan da ya tsiro a gefen nahiya, irin na Andes, yakan narkar da tsohuwar nahiyar ya gauraya da ita. Ana duba ko akwai tsofaffin ƙwayoyin zirkon da aka gada daga nahiya, ana auna isotof (nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi) na niyodimiyom da hafniyom a ga ko na mantil ne tsantsa, ana kuma neman shaidar cewa duwatsun sama a cikin ruwa suka zuba.

Ma'aunin zurfi da ke cikin dutse

Nan ne ƙashin bayan aikin. Ma'adinai biyu da suka girma kafaɗa da kafaɗa suna musayar sinadarai, yadda suka raba kuma ya dogara ne da zafi da matsi. Ganet da fairoksin suna raba ƙarfe da magniziyom gwargwadon zafi. Yadda kalsiyom ke rabuwa tsakanin ganet da filajiyokiles, idan akwai fairoksin da kwaz tare da su, ya dogara ne da matsi, saboda ganet a cushe yake, matsi na son sa. An auna waɗannan a ɗakin gwaji, an dafa duwatsu a zafi da matsin da aka sani, an ga yadda sinadaran suka rabu. Sai a juya lissafin: a auna rabon a dutsen daji, a fitar da zafi da matsi. Matsin kuma nauyin abin da ke kan dutsen ne. A ɓawo irin wannan, matsin gigafaskal 1 daidai yake da zurfin kilomita 33 zuwa 35. Da haka aka samu wajen gigafaskal 1 a gindin Talkeetna, aka samu 1.5 zuwa sama a Jijal, wato kusan kilomita 50. Lambar da ka gani a zanenku daga nan ta fito.

A takarda abin kamar da sauƙi. A aikace, sai ka yanka dutsen ka goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, ya zama haske na ratsa shi, ka sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ganet za ka gan shi ja-ja mai haske, idan ka gitta matatar haske ta biyu ya yi baƙi ƙirin. Ni kafin in kai kowane yanki ga na'urar auna sinadarai, bakin ganet nake fara dubawa. Sau da yawa za ka tarar an kewaye shi da wani zobe na 'yan siraran ma'adinai a murɗe da juna, filajiyokiles da honbilend ko fairoksin. Wannan zobe alama ce ta cewa ganet ya fara rushewa lokacin da dutsen ke haurowa matsi na raguwa. Wanda ya auna wurin zai samu zurfin wani zango na hanyar fitowa, ya ɗauka gidan dutsen ne. Don haka nakan bi ƙwayar da awo daga tsakiyarta zuwa bakinta, ɗigo bayan ɗigo. Idan tsakiyar ta fito a shimfiɗe, sinadaran ba sa hawa ba sa sauka, sannan nakan haɗa ta da tsakiyar maƙwabcinta. Ko a nan ma da sauran rina a kaba, domin a zafin digiri 900 ƙarfe da magniziyom suna ci gaba da yawo bayan kalsiyom ya tsaya, sai ka samu ma'aunin zafi yana ba da labarin wani lokaci, ma'aunin matsi na wani lokacin daban. Shi ya sa ba na yarda da matsin da aka fitar daga dutse ɗaya. Ina so in ga lambobi suna raguwa a jere yayin da ake tafiya daga gindi zuwa sama.

Kuskuren awon kansa yakan kai gigafaskal 0.1 ko fiye, wato kilomita 3 zuwa sama, ko an yi komai daidai.

Babbar matsalar kuma tana tsakiya. Gabro mai fairoksin iri biyu, wanda shi ne ya fi yawa a Chilas da Talkeetna, yana ba da zafi da kyau amma ba ya ba da matsi mai inganci, tunda babu ganet. A duwatsun giranit ana amfani da yawan alminiyom a cikin honbilend, dabarar da Hammarstrom da Zen suka fito da ita a 1986. Sai dai sharaɗinta shi ne a samu cikakken rukunin ma'adinai a dutsen, har da felsifa mai fotasiyom, duwatsun tonalait (dangin giranit) na bakan teku kuwa sau da yawa ba su da shi. Na sha ganin an yi amfani da dabarar inda sharaɗin bai cika ba. A irin wannan tsakiya dole a nemi 'yan guntayen duwatsu masu ganet da suka maƙale tsakanin gabro, a ɗaure sauran da su.

Wannan awo ya nuna wani abu da taswira kaɗai ba ta nuna ba. Bradley Hacker da abokansa sun yi wa Talkeetna irin wannan aiki, suka wallafa a 2008. Matsin gindi ya ce ɓawon ya haura kilomita 30, amma idan ka auna kaurin duwatsun da ke nan a ƙasa ba su kusa kai haka ba. Tsagogin ƙasa sun yanke manyan ɓangarori sun kawar. Duwatsu biyu da yau taku kaɗan ne tsakaninsu, a da akwai kilomitoci a tsakani. Saboda haka a zane mai gaskiya, matsi ne ke sanya dutse a hawansa, ba inda aka tsince shi ba.

Lokaci

Zirkon ƙaramar ƙwaya ce da ke karɓar yuraniyom ta ƙi dalma lokacin da take girma. Duk dalmar da aka samu a cikinta daga rushewar yuraniyom ta zo, kuma tunda yuraniyom iri biyu ne, ɗaya rabin rayuwarsa (lokacin da rabinsa ke ɗauka ya rushe) shekaru biliyan 4.47, ɗayan miliyan 704, agogo biyu ne a ƙwaya ɗaya suna gaskata juna. Da shi aka san cewa babban sashen Talkeetna ya ginu tsakanin shekaru miliyan 200 da 175 da suka wuce. Kohistan ya fi tsawon rai nesa ba kusa ba: akwai duwatsun da suka kai shekaru miliyan 154, gabron Chilas na wajen miliyan 85 ne, aiki kuma ya ci gaba har wajen miliyan 50.

Ka lura da abin da wannan ke nufi ga zanenku. Ginin shekaru miliyan 100 ne aka tattara a hoto ɗaya. Dutsen da ke hawa na kilomita 40 yana iya girme wa na hawa na 15 da miliyoyin shekaru, wani ma a sama ya daskare, daga baya aka binne shi. Babu wata rana da bakan ya taɓa zama daidai kamar zanen. Ga kuma saɓani da har yau bai mutu ba: wasu na cewa Kohistan ya manne wa Asiya tun zamanin Kiritashiyos, wato tun kafin Indiya ta iso, wasu na cewa da Indiya ya fara haɗuwa wajen shekaru miliyan 50 da suka wuce, ya haɗu da Asiya daga baya. Idan na farko ne, giranit mai yawa na samansa a gefen nahiya ya samu, bai kamata a lissafa shi a abin da bakan teku ya samar ba. Duk lissafin sinadaran Kohistan da ka karanta, ka fara duba wane ɓangare marubucin ya ɗauka a wannan.

Gwadawa da masu rai

Bakan da ke aiki yanzu ba a ganin cikinsa, amma ana sauraronsa. Jirgi yana harba iska mai ƙarfi cikin ruwa, na'urorin da aka ajiye a ƙasan teku suna kama dawowar girgizar, daga nan a fitar da gudunta a kowane zurfi. A 1996 Suyehiro da abokansa suka nuna cewa a ƙarƙashin bakan Izu, kudu da Japan, akwai wani hawa a tsakiya da girgiza ke gudun kilomita 6 da 'yan kai a daƙiƙa, gudun da ya dace da tonalait. Gani kuma ya kori ji, domin inda wannan baka ya daki tsibirin Honshu, a tsaunukan Tanzawa, tonalait ɗin ya fito fili. A Aleutian kuwa ɓawon ya fi kama da gabro, irin wancan hawa bai fito sosai ba. Ba duka bakuna ne iri ɗaya ba, ko baka ɗaya ma kaurinsa na sauyawa daga wannan dutsen wuta zuwa na gaba.

Raunin wannan hanya shi ne gudu ɗaya yana iya fitowa daga duwatsu daban-daban. A nan tsoffin bakuna suke biyan bashi: ana ɗaukar duwatsun Kohistan da Talkeetna a lissafa gudun da za su bayar a zafinsu na da, a gwada da na Izu da Mariana. Abu mafi muhimmanci da ya fito shi ne batun Moho, iyakar da ke tsakanin ɓawo da mantil wadda Andrija Mohorovičić ya gano a 1909. Fairoksinait da gabro mai ganet sosai ɓawo ne ta fuskar asali, tunda daga narkakken dutse suka daskare, amma girgiza na gudu a cikinsu kusan kamar a mantil. Iyakar da na'ura ta ji tana iya zama a saman iyakar gaskiya da kilomitoci.

Abin da ya ɓace

A ganina sakamako mafi girma na duk wannan aiki shi ne gano abin da babu. Narkakken dutsen baka yana da ruwa, wajen kashi 4 cikin 100 a matsakaici. Ruwa na jinkirta fitowar filajiyokiles, sai olibin da fairoksin su riga shi, su taru a ƙasa. Idan ka ɗauki duwatsun aman wuta da gabron Talkeetna ka yi lissafi baya-baya zuwa narkakken dutsen da ya baro mantil, dole a ce an taɓa samun fairoksinait mai kaurin kilomitoci a gindi. Andrew Greene da abokansa sun yi wannan lissafi a 2006. Abin da ke Tonsina 'yan ɗaruruwan mitoci ne.

Bayanin da ya fi ƙarfi nauyi ne. Mantil na da nauyin giram 3.3 a kowane kubik santimita, dutse mai ganet da fairoksin kuwa yakan kai 3.4 ko 3.5. Abu mai nauyi a kan mara nauyi, a zafin da duwatsu ke laushi, ƙarshensa ya ɓalle ya nutse. Oliver Jagoutz da Mark Behn sun nuna a 2013 cewa a Talkeetna wannan ya riga ya faru, abin da ya rage kusan duk bai kai mantil nauyi ba, iyakar kuma ta fito a sarari kamar ta nahiyoyi. A Jijal kuwa duwatsu masu nauyin suna nan, karo ya riske su kafin su tafi. Wannan shi ne hanya mafi sauƙi ta mayar da silika daga kashi 50 zuwa 60.

Amma ina riƙe shi da taka tsantsan saboda dalili biyu. Gindin Talkeetna a kan babbar tsagar Border Ranges yake, don haka mai cewa tsaga ce ta kwashe wani ɓangare yana da abin faɗa. Na biyu, ko bayan nutsewar, ƙasan ɓawon baka bai yi daidai da ƙasan ɓawon nahiya ba a wasu ƙananan sinadarai. Shi ya sa Hacker da Kelemen da Behn suka kawo wata hanya a 2011: duwatsun baka da lakarsa su bi faranti su nutse, masu nauyi su wuce, marasa nauyi su taso su manne a ƙarƙashin ɓawon da ke sama. Ban ga abin da zai hana duka biyun aukuwa ba.

Har ina za ka yarda da zanen

Ga yadda nake auna shi. Jerin gaba ɗaya, wato mantil, sai fairoksinait, sai gabro mai ganet, sai gabro, sai tonalait da giranit, sai duwatsun aman wuta, wannan ka riƙe shi da ƙarfi, domin wurare biyu masu nisa da juna da girgizar ƙasa duk sun yarda a kansa. Zurfin gindi ka yarda da shi da rangwamen kilomita 3 zuwa 5. Kaurin kowane hawa, musamman na tsakiya, shi ne mafi rauni, kuma a kansa ake gina lissafin sinadaran baka gaba ɗaya. Duk inda aka ja layi mai tsabta a tsakiyar zane, ka nemi ɗigon matsi nawa ne ke riƙe da shi.

Ka kuma tuna cewa bakan da ya tsira har muka gan shi ba lallai ne ya wakilci saura ba. Wanda ya yi kauri shi ya fi ƙin nutsewa, saboda haka samfurinmu ya karkata ga masu kauri. Idan aka koma baya sosai abin na ƙara wuya. A Amalaoulaou da ke yankin Gourma na Mali akwai gindin bakan teku da ya haura shekaru miliyan 700, da gabro mai ganet, a tsaunukan gefen Bahar Maliya kuma akwai bakuna da yawa na wannan zamani da suka manne da juna. A irin waɗannan wurare karon nahiyoyi ya sake dafa duwatsun, sai ka rarrabe ganet da ya girma a gindin baka da wanda ya girma lokacin karo. Ana yin haka da auna shekarun ganet ɗin kansa ta isotof na samariyom da niyodimiyom ko lutetiyom da hafniyom, a gwada da shekarun zirkon na dutsen. Inda gindin bai fito ba sam, akan koma ga rabon sitirontiyom da itiriyom a duwatsun sama, wanda ke hawa idan aka baro ganet a ƙasa, alamar ɓawo mai kauri. Wannan yana nuna ko ɓawo ya kaurara ko ya sirance a tsawon zamani, amma ba zan ɗauki kilomitan da ya bayar in sa su a layi ɗaya da na awon matsi ba.